Ya Warke, To Sai Me? Tsokaci Kan Rayuwar Farfesa Gary Kielhofner



Duk ma'abocin karatun littattafanmu na hikaya ya san wannan labarin, domin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mun karanta shi cikin riguna daban-daban. Kishiya ta yi wa uwargida asiri, ko kuma an hana saurayi auren wadda yake so, sai a wayi gari kansa ya taɓu, yana bin juji yana tsintar leda, yara na biye da shi suna jifa. Bayan babi biyar ko shida sai Allah Ya kawo wani malami ya yi ruƙiyya, ko wani likita ya yi allura, marar lafiya ya buɗe ido ya yi salati, ya ce, "Ina ne nan?" Shike nan fa, shafi na gaba biki ake yi.

Ba na musun ruƙiyya, kuma ba na raina allura. Ƙorafina da marubutanmu shi ne sun saba ajiye alƙalami daidai wurin da wahalar take farawa. Wanda ya yi jinyar mai taɓin hankali a gidansu ya san ranar sallama daga asibiti ranar murna ce, amma washegari fa? Mutum ya farka da asuba, babu shagon da zai buɗe, babu makarantar da za ta karɓe shi, abokai sun watse, yara sun daina kawo masa ƙara. Me zai yi da wuninsa?

Ina da wani yaya, ɗan wan mahaifina, tela ne da aka san shi da iya ɗinkin babbar riga. Ciwon nan ya same shi, aka kai shi asibiti, aka ba shi magani, kuma cikin ikon Allah maganin ya yi aiki: muryoyin da yake ji suka lafa, ya koma yana barci. Da aka dawo da shi gida, saboda tsananin ƙauna sai aka rufe kekensa da buhu, aka ɓoye almakashi da reza. Duk wanda ya kawo ɗinki sai Inna ta tare shi a soro ta ce, "Ku yi haƙuri, ku bar min shi ya huta, kada ciwon ya tashi." Haka ya yi kusan shekara biyu yana hutawa, daga tabarma sai bakin ƙofa. Wata rana da yamma ina zaune kusa da shi sai ya ce da ni, "Ƙanena, tsakanin ciwon nan da zaman nan, wallahi ban san wanda ya fi cin raina ba."

Sai daga baya na gane ashe wannan tambaya ta "sai me?" fanni ne guda na ilmi, mai sassa a jami'o'i da farfesoshi da mujallun bincike. Turawa na kiransa okupeshinal terafi, ni kuwa a nan zan kira shi jinyar aiki. In na ce aiki ba sana'ar neman kuɗi kaɗai nake nufi ba, har da duk hidimar da ke cika wunin mutum: wanka, girki, zuwa kasuwa, renon yara, wasa, ibada da zumunci. A cikin malaman wannan fanni akwai wani Ba'amurke da nake so mu duba rayuwarsa, domin a ganina ya amsa tambayar da littattafanmu ke tsallakewa.

An haifi Gary Kielhofner a 1949 a wani ƙaramin garin manoma na jihar Misuri. Ya fara da karatun halayyar ɗan adam a Jami'ar Saint Louis, ya yi digiri na biyu kan jinyar aiki a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, sannan ya kammala digirin digirgir kan lafiyar al'umma a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles a 1980. Ya koyar a Bajiniya da Boston, kafin a 1986 ya koma Jami'ar Illinois da ke Shikago, inda ya shugabanci sashen jinyar aiki na kimanin shekara 20. Ciwon daji ya yi ajalinsa a ranar 2 ga Satumba, 2010, yana da shekara 61.

Kafin mai karatu ya fahimci abin da ya yi, sai ya san halin da ya tarar da fannin. Asalin jinyar aiki daga asibitocin masu taɓin hankali ta tsiro. A watan Maris na 1917 wasu mutum shida suka haɗu a Clifton Springs, jihar Niyok, suka kafa ƙungiyar farko ta masu wannan aiki. A cikinsu akwai likitan ƙwaƙwalwa William Rush Dunton da wata mata mai suna Eleanor Clarke Slagle, wadda ta yi aiki a asibitin Johns Hopkins ƙarƙashin Dokta Adolf Meyer. Ita Slagle ta shahara da abin da ta kira horon ɗabi'a: ta ɗauki marasa lafiyar da aka fidda rai da su, ta tsara masu wuni daki-daki, lokacin tashi, lokacin wanka, sa tufafi, cin abinci a tebur, aikin hannu, motsa jiki. Shi kuma Meyer, a wata maƙala da aka buga a 1922, ya nuna cewa lafiyar hankali tana rataye da daidaito tsakanin aiki da wasa da hutu da barci.

To amma daga wajajen 1940 zuwa 1960 sai iska ta juya. Likitoci suka matsa wa masu jinyar aiki lamba su kawo hujja irin ta kimiyyar asibiti, su kuwa don neman shiga sai suka koma auna ƙarfin damtse da lanƙwasar gwiwa, ko fassara zanen marar lafiya bisa ra'ayin Freud. Aka manta da wunin mutum. A daidai wannan lokaci, a 1952, likitocin birnin Faris suka fara amfani da ƙwayar chlorpromazine, wadda ta kwantar da dubban marasa lafiya. A 1955 asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatocin jihohin Amurka na ɗauke da mutum kimanin 559,000. Daga nan aka shiga sallamarsu, musamman bayan dokar da Shugaba Kennedy ya sa wa hannu a 1963 ta mayar da kulawa cikin unguwanni. Aka buɗe ƙofa, mutane suka fito, amma da yawansu suka tarar babu abin da ke jiransu a waje sai ɗakin haya da bango huɗu, wasu ma sai kwanan titi. Wato abin da ya samu Yaya shi ya samu dubban ɗaruruwa a can.

A cikin wannan ruɗani Kielhofner ya tashi. Malamarsa a Kalifoniya, Mary Reilly, ta daɗe tana kira a koma ga asali. A 1977 shi da abokiyar karatunsa Janice Burke suka rubuta maƙala suna bitar shekara 60 na fannin, suka ce ya ɓata hanya har masu yinsa sun kasa bayyana wa kowa mene ne aikinsu. A 1980 suka fitar da maƙaloli huɗu a jere a mujallar ƙungiyar masu jinyar aiki ta Amurka, inda suka shimfiɗa abin da zan kira Tsarin Hidimar Ɗan Adam, wanda aka fi sani da MOHO a taƙaice. Littafin da ya tattara shi ya fito a 1985, kuma ya yi ta gyaransa yana sake bugawa a 1995 da 2002 da 2008. Mutum ɗaya, tunani ɗaya, shekara 30 yana sassaƙa.

Me tsarin ya ƙunsa? Cewa ya yi in kana so ka san dalilin da ya sa mutum ke yin abin da yake yi, ko ya kasa yi, ka duba abu huɗu. Na farko niyya, wadda ta haɗa yadda mutum ke ganin iyawarsa, abin da yake ɗauka da daraja, da abin da ke ba shi sha'awa. Na biyu sabo, wato ɗabi'un da ke tafiyar da wuni ba tare da dogon tunani ba, da kuma matsayin da mutum ke riƙe da shi, kamar uba ko ɗalibi ko mai shago. Na uku iyawa ta jiki da ta ƙwaƙwalwa. Na huɗu muhalli: wuri, kayan aiki da mutanen da ke kewaye da shi.

Mu ɗora Yaya a kan wannan ma'auni. Iyawarsa tana nan, in ban da 'yar rawar hannu da nauyin jiki da maganin ke sa shi da safe. Amma niyyarsa ta karye, domin kullum ana nuna masa ba a yarda da hannunsa ba, har shi ma ya daina yarda. Sabonsa ya rushe, tunda wanda ba shi da abin yi da hantsi ba shi da dalilin kwanciya da wuri. Matsayinsa na tela da na mai cefane an ɗauke an ba wasu. Muhallin kuwa mu ne, mu da muka rufe keke da buhu. Abu huɗu, uku sun lalace, kuma babu ko ɗaya cikin ukun da ƙwaya za ta gyara. Da ma a ce mun san haka tun farko!

Akwai wani ɓangare na aikinsa da ya kamata marubuta su ɗaga kunne. Kielhofner da abokan aikinsa sun tsara wata hira ta musamman da ake yi da marar lafiya kan tarihin hidimarsa. Maimakon a tsaya kan "me kake ji a kanka?", ana tambayarsa yadda wuninsa yake tafiya kafin ciwo, wane lokaci ne ya fi jin daɗin rayuwa, me ya sauya, ina yake ganin ya dosa. A ƙarshe sai a zana layi, inda rayuwar ta hau da inda ta gangara, a duba tare da mai labarin. A wata maƙala ta 1994 da ya rubuta tare da Christine Helfrich da Cheryl Mattingly, sun nuna cewa mutum yana fahimtar niyyarsa ne ta hanyar labarin da yake ba kansa. Wanda ya ɗauka labarinsa ya ƙare ranar da aka kwantar da shi, ba zai ga amfanin tashi ya yi wanka ba. Aikin mai jinya shi ne ya taimaka masa ya ga akwai babi na gaba, kuma ba da baki kawai ba, ta hanyar sa shi ya yi wani abu da hannunsa ya ga ya yiwu. Jama'a, wannan ba sana'armu ba ce? Amma mu ne kan gaba wajen rufe littafi.

Abin da ya fi burge ni game da shi a matsayin malamin jami'a shi ne bai yarda binciken ya kwana a ɗakin karatu ba. Ya yi ta nanata cewa tambayar bincike daga wajen masu aiki da marasa lafiya ya kamata ta fito, kuma amsar can ya kamata ta koma. Saboda haka ya haɗa gwiwa da ma'aikatan asibitocin ƙwaƙwalwa na Birtaniya, irin su Sue Parkinson da Kirsty Forsyth, suka samar da takardar awo da ma'aikaci zai iya cikewa ta hanyar lura da marar lafiyar da ba ya iya doguwar hira. Tare da Carmen Gloria de las Heras ta ƙasar Chili aka tsara matakan farfaɗo da niyyar wanda ciwo ya kashe wa zuciya gaba ɗaya. A Shikago kuma ya jagoranci bincike kan mayar da masu ɗauke da cutar ƙanjamau bakin aiki, bayan sababbin magunguna sun tsawaita rayuwar mutanen da suka riga suka yi bankwana da duniya. Tambayar dai ita ce: bai mutu ba, to sai me?

Na san akwai masu ja, kuma ja ɗin nasu ba na banza ba ne.

Wani zai ce, "Wannan ai ba sai an je jami'a ba. Tun kaka da kakanni muka san da zaman banza gara aikin kishiya." Gaskiya ne mun san karin maganar. Amma mu da muka san ta mu ne muka ɓoye almakashi. Sanin cewa aiki na da amfani daban, sanin wane aiki, yaushe, da wane nauyi, ga wane mutum, shi ma daban, kuma wannan na biyun sai an auna. Misali, shekaru da dama masana sun ɗauka sai an daɗe ana horar da mai taɓin hankali a keɓantaccen wuri kafin a bar shi ya nemi aiki cikin jama'a. A farkon shekarun 1990 Deborah Becker da Robert Drake a jihar New Hampshire suka juya lamarin: a sama wa mutum aikin da yake so tun da wuri, sannan a bi shi can da tallafi. Wannan ba tsarin Kielhofner ba ne, amma ruhinsu ɗaya. An gwada shi a cibiyoyi shida na Turai kan mutum 312, aka buga sakamakon a mujallar The Lancet a 2007. Kashi 55 cikin 100 na waɗanda aka bi da su ta sabuwar hanya sun samu aiki, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 28. Tsoron da Inna ke yi fa, na cewa aiki zai tayar da ciwo? Waɗanda aka sake kwantarwa a asibiti cikin 'yan sabuwar hanya kashi 20 ne, a ɗaya ɓangaren kashi 31. Karin magana ba ta iya ba ka wannan amsa, bincike ne ya bayar.

Wani kuma zai ce da sunan "aiki magani ne" an bautar da bayin Allah. Wannan ma haka yake. Tsofaffin asibitocin Amurka da Turai sun daɗe suna sa marasa lafiya noma da wanki da girki kyauta, don rage wa hukuma kashe kuɗi, har sai da wata kotun tarayya a Amurka ta yanke hukunci a 1973 cewa dole a biya su bisa dokar ƙwadago. Shi ya sa Kielhofner ya sa niyya a gaba. Aikin da aka ɗora wa mutum don amfanin wani, ba tare da zaɓinsa ba, bauta ce ko da an sa mata farar riga. Da an ɗauki Yaya an kai shi gona, ba abin da zai ƙaru da shi, domin ransa na wajen keke.

Ja na uku shi ya fi ƙarfi a wajena. Tsarin ya fito daga ƙasar da ake ɗaukar mutum shi kaɗai a matsayin mai yanke wa kansa shawara. Wani malami, Michael Iwama, wanda ya koyar a Japan, ya lura cewa ma'aikatan can na shan wahalar amfani da irin waɗannan tsare-tsare, domin a wajensu mutum ba ya rabuwa da danginsa. Shi da su suka fito da nasu, ya buga shi a littafi a 2006, inda suka kamanta rayuwa da kogi: ruwa na gudu, duwatsu su ne matsaloli, gaɓa kuma ita ce jama'a da muhalli, aikin mai jinya shi ne buɗe wa ruwan hanya. Na yarda da wannan gyara, domin a gidanmu ba a buɗe keke ba sai da aka shawo kan Inna, ita kuma sai da Kawu ya sa baki. Amma ku lura, Iwama bai ce a watsar da tambayar ba. Cewa ya yi kowace al'umma ta zauna ta amsa ta da harshenta, kuma wannan ma aikin jami'a ne.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ban ce a ajiye magani ba. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya ya ci gaba da sha, domin ba a koya wa mutum ɗinki yana tsakiyar jin muryoyi. Magani ke kashe gobarar, amma wanda gidansa ya ƙone yana bukatar a taya shi sake gini.

Saboda haka ina da kira uku. Ga ɗalibanmu da ba su samu gurbin karatun likita ba har suke ganin duniya ta ƙare: ga fanni nan da mutum zai shiga ya kai har farfesa. A Nijeriya akwai makarantar tarayya ta jinyar aiki a Oshodi da ke Legas, kuma Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife na koyar da shi. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma doka ba ta tashi ta kama hannun mutum ta kai shi shago, sai an samu ma'aikata. Muna bukatar wanda zai zauna ya yi nazarin wunin Bahaushe, daga kiran assalatu zuwa hirar dare, ya gano yadda salloli biyar da cin kasuwa da zaman majalisa za su zama tsanin da marar lafiya zai taka ya dawo cikin mutane.

Ga iyalai: tausayi ma yana iya zama kurkuku. Ku yi shawara da likita, ku mayar wa mutum wani abu nasa, ko da ƙanƙane ne.

Ga 'yan'uwana marubuta kuwa: ku ƙara mana babi. Ku nuna mana ranar farko da uwargidan nan ta koma madafa ana leƙenta ta taga, da ranar da saurayin nan ya je ɗaurin aure aka matsa aka bar masa tabarma shi kaɗai. Mai karatun da ke da irin wannan a gidansu zai ga kansa, wanda ba shi da shi kuma zai koyi yadda ake zama da su.

Shi dai Yaya da sa maɓalli aka fara, sai kalmasa, sai facin kayan yara, awa ɗaya bayan la'asar lokacin da nauyin maganin ya sake shi. Ya fi wata shida kafin ya yarda ya sa almakashi a shaddar wani. Har yau yana shan maganinsa, akwai makon da ba ya buɗe shago, kuma wasu daga cikin masu kawo masa ɗinki ba su dawo ba, ba kuma za su dawo ba. Amma sallar bara shi ya ɗinka wa 'ya'yansa kaya, kuma da yaran unguwa suka yi faɗa a ƙofar gida, wajensa aka kawo ƙara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya kuma ba mu haƙuri da basirar zama da su.